Hannun Madam Mapaga

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ruwa tun asuba. Kwatar gaban shago ta tumbatsa, sai da na ɗora injin fotokopi a kan bulo kamar bara. Har azahar mutum uku kacal suka shigo.

Na huɗun wani tsoho ne, ɗan ƙasa, da kwat ɗin da ta sha jiki da leda a hammata. Ya ce sunansa Papa Anaclet. Ya zazzage ledar a kan tebur: littattafan rubutu irin na 'yan firamare, ashirin da uku, kowanne an ɗaure shi da roba. Wai in buga masa su duka a kwamfuta kafin tsakiyar Disamba.

Na buɗe ɗaya. Sunaye ne zalla, an ja layi an raba shafi gida uku. Na ce, Papa, mene ne wannan? Ya ce, "Hannuwa."

Ashe shekara talatin ya yi yana masinja a majalisar dokoki, shi ke kai wa depitoci, wato 'yan majalisar, takardu da ruwa a zauren. Da ya yi ritaya ya kasa zaman gida, sai ya koma bencin 'yan kallo da ke sama. A cewarsa yawanci da ɗaga hannu ake ƙuri'a, a ce an amince, a wuce. Babu mai tuna wa ya ɗaga, wa ya noƙe. To shi yake rubutawa. Shekara tara ke nan.

Ban taɓa jin aikin banza mai wahala irin wannan ba. Na dai karɓa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Gida na farko na waɗanda suka ce e. Na biyu na waɗanda suka ce a'a. Na uku na waɗanda suka yi shiru, ko suka tashi zuwa banɗaki daidai lokacin. Haka ya rubuta, wallahi, da jan biro.

Gidan e kullum maƙil yake, har ya malala bayan shafi. Gidan a'a kuwa wani lokacin mutum shida, wani lokacin biyu. Wani lokacin suna ɗaya tilo a tsakiyar farar takarda: Mapaga E.

Yatsuna har sun haddace shi. Namiji ne ko mace? Emile ko Estelle?

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Mapaga kuma. A littafi na huɗu sau bakwai. Shi wannan hannun nasa ba ya gajiya?

Asabar, 8 ga Nuwamba

Papa Anaclet ya zo duba abin da na buga, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Idanunsa sun yi hazo sosai. Na kasa haƙuri na tambaye shi.

Mace ce. Eulalie. Daga kudu take, wajen Mouila. Yana faɗa yana yamutsa fuska. Na ce ba ka sonta ne? Ya ce, "Shekara huɗu ina ajiye mata ruwa a gabanta, ko sau ɗaya ba ta ce min sannu ba."

Sai ya sa yatsa a kan kanun shafukan. Rage kuɗin karatun ɗalibai: a'a. Rage abincin rana a makarantun ƙauye: a'a. Rage tallafin matan da mazansu suka rasu: a'a. Kwana biyar ina buga kanun nan ban karanta su ba, sunaye kawai nake bi. Na ji kunya.

Ya ce wata mai zuwa akwai wata ƙuri'ar, shi ya sa yake sauri. A kasafin baɗi za a taƙaita jerin magungunan da gwamnati ke ɗauke wa marasa ƙarfi. Na ce waɗanne? Ya ce bai riƙe duka ba, amma akwai na suga, na hawan jini, da na masu sikila.

Ban ji sauran ba. 'Yata Kamila tana zaune a bayan kanta tana aikin makaranta, da safa biyu a ƙafa saboda sanyin ruwan nan. Shekararta tara, sikila gare ta. Ƙwaya ɗaya kullum da safe. Tunda aka ɗora ta a kanta shekara uku da suka wuce, sau biyu kawai aka kwantar da mu. Kafin nan na daina ma lissafi. Na taɓa tambayar farashinta a farmasi in babu katin tallafi. Ban sake tambaya ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Baban Kamila ya dawo daga Ntoum, farin siminti har cikin gira. Na bari ya yi wanka ya ci abinci, sannan na gaya masa.

Ya ce kowace shekara sai an yi irin wannan jita-jitar. Na ce wannan karon a rubuce take. Na ba shi labarin matar. Ya yi dariya. "Hikima, duk wanda kika ga yana ta cewa a'a, kujerar minista yake nema. Ranar da aka ba shi za ki ji shiru."

Na ce shekara tara ba a ba ta ba? Ya ce ƙila farashinta ne da tsada.

Abin da ke ba ni mamaki da shi: Bahaushen Bitam ne, a can aka binne kakansa, takardunsa na ƙasar nan ne tas, ta dalilinsa Kamila ta sami katin. Amma ko sau ɗaya ban ga tawadar zaɓe a yatsansa ba. Ni da ke yawo da kart sejur, katin zaman baƙi, shekara goma sha huɗu tun da aka kawo ni daga Garoua, ni ce na san sunayen depitoci ɗari da wani abu a ka.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ranar asibitin Kamila. Jininta ya ɗan yi sama, alhamdulillahi.

A layi na yi ta bugun cikin mutane. Nas ɗin da ke auna su ta ce sun ji maganar, amma an ce kada su tayar wa iyaye da hankali. Wata mata da ta taso tun daga Kango da tagwaye, duk biyun masu sikila, ta ce ita ba ta san wata Mapaga ba, ta dai san in maganin ya tsaya sai ta zaɓi ɗaya a cikin biyun. Ta faɗa kamar mai ba da labarin kasuwa.

Labarai uku na tara yau a kan matar. Maƙwabciyata Ramatou mai ƙosai ta ce ɗanta ne ya mutu a ƙofar asibiti, shi ya sa. Direban taksi ya ce mijinta ne ya gudu da wata, ta huce a kan gwamnati. Mai farmasi ya ce ba ta da lafiyar kai.

Na nemo hotonta a waya. Gajera, tabarau mai kauri, gashi a aske ƙasa-ƙasa, ba ɗan kunne. Fuskar shugabar makarantar da ke tsayawa a ƙofa da bulala. Na daɗe ina kallonta. Ban san me nake nema ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Littafi na goma sha bakwai, shafi na tara.

Dokar da ta hana baƙi ƙananan sana'o'i a kasuwa. Na tafi gidan a'a kai tsaye, don yatsuna sun saba. Mutum uku ne a wurin, Mapaga ba ta ciki. Na ce ƙila ranar ba ta zo ba. Na duba na uku. Babu.

Tana gidan e. Ta goma sha ɗaya daga sama. Har ya rubuta a gefe: "ta yi jawabi."

Yayana Abdulgani shekara goma sha tara yana gyaran waya a teburinsa na kasuwar Mont-Bouët. Shi ya biya min kuɗin koyon kwamfuta. Bayan dokar nan ya tattara sukurdirebobinsa a kwalin madara, yanzu gadi yake a wani gini da ba a ƙarasa ba a Okala, yana kwana kusa da buhunan yashi. Shagon nan nawa ma da ba sunan Baban Kamila ne a takarda ba...

Na kashe kwamfutar tun kafin la'asar.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ban taɓa littattafan ba. Katin biki na buga wa wasu.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Papa Anaclet ya zo. Ya ce ya lura da wani abu cikin shekarun nan: ranar da bencin sama ya cika da mutane, akwai hannuwan da ba sa tashi yadda suka saba. Yana so ranar ƙuri'ar iyayen yara su je su zauna. Ba ihu, ba allo, zama kawai. Ya ce in kai wa matanmu takardun su gani.

Na ce to, amma shafi ɗaya zan tsallake. Na nuna masa. Na ce in matanmu suka ga wannan babu wadda za ta taka ƙafa, rabinsu mazansu abin ya shafa.

Ya kawo shafin daf da hancinsa ya karanta, duk da na san ya san abin da ke ciki.

"Madam, ranar nan ina wurin. Ta ɗaga."

Na ce na sani, ai ba cewa na yi a canza ba, a bari dai sai bayan ƙuri'a.

"In na cire wannan, wa zai yarda da sauran?"

Na ce kai da ba ka ma sonta. Ya ce shi bai rubuta littafin nan don ita ba, kuma bai rubuta shi don a zage ta ba. Ya ɗauki lemarsa.

Na buga shafin. Na yi kuskure sau uku a sunanta, abin da ban taɓa yi ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na hau taksi-bis zuwa Okala da tuwo da miyar kuka a kula. Na tarar da Yaya yana gyara wa wani lebura waya a kan bulo, da tsinken ashana da ƙaramar wuƙa. Hannun bai manta ba.

Na ba shi takardun duka. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya iso shafin ya tsaya. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa.

Ya ce ya san sunan. Wai ranar suna kasuwa an kunna rediyo, sun ji muryarta.

Na ce, Yaya, in ka ce kada in je, ba zan je ba.

Ya dafe takardun a kan gwiwarsa. Can ya ce, "Yaya ƙafar 'yar tawa?" Na ce da sauƙi. Ya ninke takardun ya miƙo min.

"Ki je. Amma kada ki tafa mata."

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Karatun mata a masallacin unguwa. Bayan an tashi na karanta musu, har da shafin. Hayaniya ta kaure. Hajiya Kulu ta ce ita ba za ta je ta zauna a bayan wadda ta kashe wa mijinta kasuwa ba, ko da kuwa zinariya ake rabawa. Ban ga laifinta ba. Cikin mata talatin da wani abu, tara suka ce za su je. Biyar a cikinsu suna da mai sikila ko mai suga a gida. Sauran huɗun, ina jin, so suke su ga cikin ginin.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina ɗaure wa wani ɗalibi takardunsa, wata ƙaramar mota mai ƙura ta tsaya ƙafa ɗaya a cikin kwata. Mace ta fito, Madam Mapaga da kanta. Ta fi hotonta gajarta. Ta shigo ba sallama, ba bonjur, ta ajiye takarda a kan kanta.

Ashe Papa Anaclet ya ba ƙungiyar iyayen masu sikila kashin farko, su kuma suka baza a waya. Ni kuma na saba sa sunan shago a ƙasan kowane shafi.

"Ke kika buga wannan?"

Na ce e, Madam. Na zaci shafin dokar baƙi ne ya kawo ta.

"Akwai kuskure. Shafi na arba'in da biyu, rage tallafin guragu. An sa ni a cikin waɗanda suka ƙi. Ban ƙi ba. Na goyi baya."

Na ce haka yake a littafin tsohon.

"To tsohon ya yi kuskure. Daga sama ba a ganin layinmu sosai in an kunna fitilun gefe. An ce mana za a mayar da kuɗin ta wata hanya, na yarda, ba a mayar ba. A gyara."

Na tsaya ina kallonta. Mutum ya shigo lungun unguwarmu ta Derrière la Prison cikin taɓo don a cire masa yabon da ba nasa ba.

Na buɗe fayil ɗin. Tana tsaye a kaina tana kallon allon, tana warin man zafi. Ina gyarawa na ji bakina yana magana ba da izinina ba. Na ce, Madam, wai ɗanki ne ya rasu?

"'Ya'yana huɗu. Duk suna nan, suna cinye min albashi."

Na ce to me ya sa kullum a'a?

Ta ce ba kullum ba ne, ga shi yanzu muna gyara ɗaya. Sannan ta ce ita ungozoma ce, shekara ashirin da biyu a wani ƙaramin asibiti, kafin a jawo ta cikin wannan harka. In aka kawo takarda aka ce an rage kaza, ita ta san wane ɗaki ne zai rasa me. "Kuma ina karanta takardar har ƙarshe. Yawancinsu a shafi na uku suke tsayawa. Babu wani sirri."

Da ma na tsaya nan. Amma na gungura zuwa shafin na juya mata allon. Na ce, wannan fa? Shi ma kuskure ne?

"A'a. Wannan daidai ne."

Na ce yayana shekara goma sha tara yana teburinsa. Yanzu gadi yake.

Ta cire tabarau ta goge da bakin riga. Ba ta kau da kai ba. Ta ce matan kasuwar garinsu ne suka aiko ta majalisa, sun zo mata har gida suna kuka ba su da wurin kasa kaya, 'ya'yansu sun gama makaranta suna zaune. "Na san akwai yayan wani a ɗaya gefen. Na sani lokacin da na ɗaga."

Na ce in aka sake kawowa?

"Ina jin zan sake. Ƙila in nemi a ba waɗanda suka daɗe lokaci. Ban nema ba a wancan karon. Ya kamata in nema."

Shi ke nan. Ba ta ce in yi haƙuri ba.

Ta tambaye ni ko ina da katin zaɓe. Na ce ni baƙuwa ce. Ta ce to me ya haɗa ni da wannan? Na nuna mata hoton Kamila da ke manne a jikin bango. Sai ta zaro biro. Wane magani, sau nawa, nauyin yarinyar nawa, sau nawa aka kwantar da ita kafin maganin, sau nawa bayansa, leda nawa na jini. Tambayoyi ras-ras kamar a ɗakin awo. Ta rubuta a bayan takardar. Ba ta tambayi sunanta ba.

Ta karɓi sabon shafin ta fita. Ba sai an jima.

Har yanzu ban san ko na tsane ta ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na gaya wa Papa Anaclet. Ya zauna a kujera. Sannan ya nemi littafi na tara da jan biro, ya ce in nuna masa layin. Ya soke da hannunsa, ya rubuta kwanan wata a gefe.

Ya ce, "Ta gaishe ki?" Na ce a'a. Sai ya yi murmushi, kamar hankalinsa ya kwanta.

Talata, 2 ga Disamba

Na gama littafi na ashirin da uku. Rubutun ƙarshe-ƙarshen manya ne, suna hawa kan juna, wani sunan sai na kira shi a waya. Wata ɗaya cif. Shagon ya yi min wani iri da babu su a kan tebur.

Lahadi, 7 ga Disamba

Ƙafar Kamila ta motsa da hantsi, ruwa ya dake ta jiya a hanyar islamiyya. Ruwan ɗumi, tausa, maganin zafi. Zuwa la'asar ta nemi abinci. Baban Kamila yana zaune bakin gado yana murza mata gwiwa, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Ranar yaushe ne ma abin naku?"

Alhamis, 11 ga Disamba

Mu goma sha ɗaya daga unguwa, har da Hajiya Kulu, wadda ta ce rakiya kawai ta yi. Baban Kamila bai sami hutu ba, amma shi ya biya mana mota. Iyaye daga ƙungiya sun fi hamsin. Na hango mai tagwayen Kango.

A ƙofa mai gadi ya juya kart sejur ɗina gaba da baya yana taɓe baki. Papa Anaclet ya kira shi da sunansa, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Aka bar mu.

Zauren ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, da sanyi kamar cikin firiji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fuskoki. Wata guda ina buga sunayen mutanen nan, na yi wa kowa kama a raina, kuma duk na yi kuskure. Wanda ya fi kowa zuwa banɗaki a littafin wani kyakkyawan dattijo ne mai furfura, irin wanda za ka ba ajiyar marayu.

An yi awa uku ana magana. Wasu na danna waya, ɗaya na barci. Amma suna ta ɗaga kai suna kallonmu a fakaice.

Da aka zo kan magunguna Madam Mapaga ta miƙe. Muryarta ba daɗi, kuma ba ta iya jawabi ba, karantawa take. Ta kawo gyara, a bar jerin yadda yake. Can sai na ji: "Yarinya 'yar shekara tara, kilo ashirin da huɗu. Kafin maganin..." Ta karanta duk abin da na gaya mata, ba ƙari ba ragi. Sannan ta ce duk wanda ke ganin an yi tsimi, ya lissafa ledojin jinin da za a dawo ana nema. Ramatou ta matse min hannu har ya yi zafi. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa, kuma ban so ta daina ba.

Aka ce a ɗaga hannu. Papa Anaclet ya buɗe sabon littafi, ya leƙa ƙasa, ya goge ido, ya sake leƙawa. Sai ya turo min littafin da biron.

"Ba na ganinsu. Fara daga hagu."

Ban san lokacin da na fara ba. Wanda ban gane fuskarsa ba sai in ce layi na uku, mai jan nakatai, shi kuma ya raɗa min sunan. Na ga wani ya ɗaga rabi, ya kalli sama wajenmu, ya ƙarasa. Na ga wani ya ɗaga ya sauke ya sosa ƙeya.

Gyaran ya wuce. Da bambancin hannu shida.

Sama ta ɗauki tafi, shugaban zama yana ta buga tebur. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Murna ba ta daɗe ba. Bayan namu aka zo kan abincin makarantun ƙauye da tallafin matan da mazansu suka rasu. Rabin bencin ya riga ya watse, kowa na sauri ya kira gida. Ta sake miƙewa, ta sake karantawa. Aka sake rage duka biyun cikin minti goma. Ba kowa a sama saboda su. A ƙarshe, kan kasafin gaba ɗaya, gidan a'a mutum biyar. Na rubuta sunanta a na biyu.

A farfajiya ta wuce ta gabanmu da jakarta, kusa har na ji warin man zafin. Ta kalle ni, ta kalli littafin da ke hannuna. Ta wuce.

Juma'a, 12 ga Disamba

Na kira Yaya. Ya ce alhamdulillahi sau uku. Sannan ya ce, "Kin tafa?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Na ji kamar yana dariya, ban tabbata ba.

Litinin, 15 ga Disamba

An ce jam'iyyar Madam Mapaga ta cire ta daga kwamitin lafiya. Baban Kamila ya ji a rediyon mota, shi ya kira ya gaya min. Bai yi maganar kujerar minista ba, ni ma ban tuna masa ba.

Papa Anaclet zai tafi wajen 'yarsa a Lambaréné, za a duba masa idon. Ya ce sai bayan sabuwar shekara, in ya dawo da gani.

Laraba, 17 ga Disamba

Tawadar inji ta kusa ƙarewa, na rufe shago da hantsi na tafi saye. Tunda na riga na fito, kuma hanya ɗaya ce kusan, sai na biya majalisa. Mai gadin bai ma karɓi katin ba.

Dokar kamun kifi ake yi, girman ramin koma da watannin da za a hana shiga ruwa. Ba abin da ya shafe ni. Mu uku ne a sama, ɗaya ɗan jarida ne yana gyangyaɗi. Madam Mapaga ta ce e, ba ta yi magana ba.

Amma akwai wani a layi na biyar, siriri, mai farar riga. Duk lokacin da aka ce a ɗaga sai ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi. Sau uku. Na leƙa sosai, takalmin nasa ba shi da igiya. Na tambayi ɗan jaridan, ya ce depiten wajen su Bitam ne. Na tambayi Baban Kamila da ya dawo, wai bai san sunansa ba. Mutumin garinku, na ce. Ya ce tun yaushe na zama haka? Na ce haka yaya? Ya jawo kwanon tuwonsa.

Na manta ban sayo tawadar ba.

Gobe akwai zama ƙarfe goma, kan kuɗin tsofaffin malamai. Ba zan je ba, aiki ya taru, ga katunan bikin mutane. Na dai goge shuɗin mayafina na rataye, kada ya yamutse.